Hannun Mai Wankan Gawa

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Mukullina nake so. Da wannan zan fara, tunda an ce in rubuta abin da ke damuna.

Sanela, nas ɗin da ke hawo dutsen nan duba mu tsofaffi, ita ta kawo littafin. Ta ce, "Baba Ragib, duk sanda fatarka ta yage ka rubuta rana da lokaci da abin da ya yaga ta, likita yana son gani." Na ce ban yi makaranta ba, a soja aka koya mini baƙi, shi ma da mari. Ta ce ko kamar kaza ce ta taka tawada za ta karanta. To ga na likita: yau murfin tukunya, bayan hannun hagu, faɗin ɗan yatsa.

Ga nawa kuma. Mukullin ɗakin wankan gawa da ke bayan masallaci, tun gemuna yana baƙi yake aljihuna. Babu gida a ƙauyen nan da ban wanke masa uba ko kaka ba, har da lokacin yaƙi da ake kawo su ba yadda Allah ya halicce su ba. Sai wata Juma'a 'yan kwamitin masallaci suka ce in kawo, za a canza kwaɗo. Kwaɗon yana nan har yau, shi ne dai, na san tsatsarsa. Na tsaya gaban jama'a na ce me na yi? Kowa ya sunkuya yana neman takalminsa. Shekara da shekaru ke nan, takalman suke ta nema.

Abin da ya faru a wankan gawar Fadil ɗigon jinina ne kawai a gefen likkafani, kuma na canza ƙyallen nan take. Mutum ɗaya ne ya gani, Hilmo, wanda ke zuba mini ruwa. Gidansa na kallon nawa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Gefen ƙofa, gwiwar hannun dama. Ban ma ji ba, sai da na ga riga ta jiƙe.

Motar likita ta tsaya a ƙofar gidan Hilmo. Ban leƙa ba. Labulen ne ya karkace.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Bayan sallah aka jera ana gaisawa hannu da hannu kamar kullum. In layi ya iso kaina sai kowa ya dafa ƙirjinsa ya wuce. Wai tausayi ne, wai in an matse hannuna jini yana kwanciya, ya yi baƙi har mako biyu. Gaskiya ne yana kwanciya. To hannun wa?

Vahid mai kanti ya ce, "Ɓawon Albasa, kana nan? Ka yi nesa da ni, kada numfashina ya ɓare ka." Na ce, "Numfashinka bango ma yana ɓare wa fenti." Aka yi dariya. Ubansa ni na wanke shi, mutum mai kunya, ban san inda aka samo wannan ba.

Liman ya ce a yi wa Hilmo addu'a. Na ɗaga hannu tunda kowa ya ɗaga.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Fikreta matar Hilmo ta tsallako da pitar dankali, gashin fulawa mai siririn ɓawo, da zafinta, ta ajiye a kan taga. Ba ta shigo ba. Tun rasuwar matata Mubera babu macen da ta shigo ɗakin nan sai Sanela.

Ta ce, "Maƙwabci, yana kiranka."
Na ce, "Ya san hanya."
Ta ce, "Ƙafarsa ce ta manta. Kai kuma kanka ne ya bushe, tun kana yaro haka kake."

Pitar gishiri ya yi mata yawa. Na cinye.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je, don in mayar da faranti.

Sun sauko masa da gado kusa da murhu. Hilmo da ke ɗaukar gungume shi kaɗai a kafaɗa sanda muke aikin katako a daji, yanzu bargo ya fi shi kauri. Idon ne dai yana nan, idon ɗan iska.

Ya ce, "Ka zo ganin ko na nuna?"
Na ce, "Faranti na kawo."
Ya ce, "Zauna, tsohon jaki. Fikreta, ba shi gahawa, ki sa masa sukarin a gefe, kada ƙwayar ta faɗo masa a ƙafa ta karya shi."

Na zauna. Fikreta ta kawo gahawar. Sai ya ce, "Ni na faɗa wa kwamiti zancen Fadil."
Na ce, "Na sani."
Ya ce, "Da yau ne ma zan sake faɗa. Jini najasa ne, kai ka koya mini. Fadil bai ce ya yarda ba, ba shi da bakin cewa."
Na miƙe zan fita. Ya ce, "Ni ina da baki. Ka manta abin da muka ƙulla a ɗakin can, ranar da muka wanke mutum shida ruwa ya ƙare? Wanda ya rage shi zai wanke ɗan'uwansa. Ni ban warware ba. Ba na son motar masu wankan gawa ta birni. Su kwashe mutum kamar buhun dankali, yaran da ba su san sunan ubansa ba su juya shi. Kai nake so. In ka ɗiga a kaina ka ɗauraye, ba zan kai ƙara ba."
Na ce, "Wa zai zuba mini ruwa? Kai ne mai buta."
Ya ce, "Wannan karon ina da uzuri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na manta farantin a hannuna, na dawo da shi gida.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan azahar

Na tare liman a bakin masallaci. Yaro ne, gemunsa bai gama haɗuwa ba, amma ba ya gudun mutum kamar 'yan kwamiti. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Baba, wasiyya ce, ba zan hana ba. Sharaɗi biyu. Kada a sami ciwo a buɗe a hannunka ranar, ko ɗaya. Kuma ɗansa ya yarda." Na ce mukulli fa? Ya ce ranar zai buɗe da kansa. Na ce ba abin da na tambaya ba ke nan. Ya duba agogo.

Ɗan nasa Sakib yana Ostiriya, an yi masa waya.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Sanela ta zo. Na naɗe hannun riga na ɗora mata hannuwan a kan tebur na ce, "Ki gyara su."

Ta kalle ni. "Baba, kai ne kuwa? Ina man shafawar da na kawo maka tun bazara?" Na nuna mata ƙofar rumfa, da shi na shafe ƙarfen da ke kuka. Ta riƙe kai.

Ta ce fatar ba za ta koma kamar da ba. Rana ta ci rabonta a daji, maganin ƙirjin da na daɗe ina sha ya ci nasa, ƙwayar tsinka jini ta ƙarasa, sauran tsufa ne. Ta ce kitsen da ke ƙarƙashi, mai tare bugu, ya tafi, shi ya sa take zamewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Amma waɗanda ke buɗe za su rufe in na ji magana. Mai safe da yamma, a dafa shi a hankali, ba a murza ba. Ƙwai da wake da madara. Kada in taɓa gatari. Kada filasta ta kusanci jikina, don in an zo cirewa da fatar take tahowa. Kuma kyanwa ta daina hawa cinyata.

Na ce, "Kwana nawa?" Ta ce, "Me kake sauri?" Na kalli taga. Ita ma ta kalla. Ba ta sake tambaya ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da magariba

Babu sabo yau.

Na buɗe akwatin Mubera na ɗauko safar ulu doguwa da ta saƙa, na yanke wajen yatsun, na zura a hannu har gwiwa. Tana warin akwati. Da tana nan da ta ce na lalata mata aiki.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da safe

Babu sabo. Na murfin tukunya ya kama baki.

Itacen da aka faskara ya kusa ƙarewa, gungume kuwa ga shi jibge. Gatari yana kallona ina kallonsa. Sau ɗaya nake hura wuta yanzu, sauran yini ina cikin bargo. Ba zan roƙi kowa ba.

Kyanwa na fitar da ita rumfa. Tana zuwa taga ta zauna, ta sa hanci a gilashi. Duk ƙauyen nan ita kaɗai ce ke taɓa ni ba da safar roba ba, ita ma na kore ta saboda Hilmo. Ya sani ko bai sani ba, oho.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na nuna masa hannun. Ya ce, "Kai, har da ƙyalli! Amarya za a kai?" Na ce, "Ka jira ni tukuna, na gwiwar bai rufe ba." Ya ce, "Ina ƙoƙari. Ka gaya wa Mala'ikan mutuwa, ni ba ya jin maganata."

Bai iya riƙe kofi yanzu. Fikreta ke ɗiga masa ruwa da cokali.

Na wanke butar tagulla da toka. Na nemo kafur, yana nan cikin gwangwani inda na bar shi. Ƙyallen naɗe hannu na yanka sababbi daga tsohon zanin gado mai laushi, don sabon yadi kaushi ne da shi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Sanela ta ce saura ƙiris. Ta ce ba ta taɓa ganin hannuna haka ba. Ta taɓa murhu ta ji shi sanyi, ta yi faɗa, ta fita ta faskara mini da kanta, da takalmin asibiti. Ba ta iya ba. 

Mota mai lambar waje ta tsaya a gaban gidan can. Sakib ya iso.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Matakalar masallaci. Hannun dama, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Da hagu nake riƙe alƙalami, rubutun zai karkace.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka jiya, matakala ta yi santsi. Muna fitowa daga sallah sai ga Sakib ya ratso mutane, ƙato, da furfura a gefen kai, shi da na sani da majina. Shekarunsa a waje, babu wanda ya gaya masa zancen fatata. Ya ce, "Baffa Ragib!" Ya kama hannuna da hannu biyu ya sumbata ya kai goshi, yadda aka koya musu suna yara, yadda babu mai yi yanzu. Na ji Vahid ya ce kai, kai! Ni ban janye ba. Tafinsa da ɗumi. Na manta yadda abin yake. Da zan iya da na ce ya ƙara matsewa.

Sai ƙafata ta zame. Ya cafke ni a dantse don kada in faɗi. Ban faɗi ba. Safar Mubera ta tattare sama, abin da ke ƙarƙashinta ya bi ta.

Ba ya ciwo sosai, wannan ne mutane ba su gane ba. Zuba kawai yake yi. Ƙanƙarar matakala ta yi ja har ƙasa. Yaron ya rikice, ya ruga mota ya ɗauko akwatin magani, kafin in buɗe baki ya manna filasta faɗin tafin hannu, ya ƙara wata a kai, yana cewa, "Yi haƙuri Baffa, yi haƙuri Baffa." Sai na ƙyale shi.

Yau Sanela ta zo ba ranarta ba. Ta jiƙa filastar da mai, ta yi ta lallaɓa ta, duk da haka ta taho da rabonta. Abin da ya rage ta mayar da shi wurinsa da jiƙaƙƙiyar auduga, a hankali, kamar mai shimfiɗa ɓawon pita. Ta ce, "Me ya sa ba ka hana shi ba? Kana da baki a kan kowa!" Na ce ta yi aikinta.

Na ce, "Kwana nawa?" Ta ce, "Baba." Shi ke nan abin da ta ce.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Sakib ya zo da leda cike da lemo da gahawar waje. Ya tsaya nesa da ni, hannu a baya, kamar sauran. Ya koya da wuri.

Na ce masa tafin hannuna lafiya lau yake, ga shi, tafi ba ya yagewa. Na ce zan naɗe dantsen da leda, in sa safar roba har kafaɗa. Na ce ubansa da bakinsa ya ce in na ɗiga in ɗauraye.
Ya ce, "Baffa, na ga matakalar nan. Har yau ina ganinta. Ba zan iya ba."
Na ce, "Ba kai za ka yi ba, ni zan yi."
Ya ce, "In ya juya a hannunka fa? In ka zame? In ce wa mutane me, na kashe ɗaya wajen wanke ɗaya?"
Na ce, "Ka tambaye shi."
Ya ce, "Tun jiya ba ya magana."

Lemon yana kan tebur. Ba ni da hannun ɓarewa.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Na zauna gefensa. Na ce, "Tashi ka gaya wa ɗanka, munafuki, ka iya kai rahoto ai." Fikreta ta fita ta ba mu wuri. Numfashi kawai. Na ɗora tafin hagu a goshinsa. Na faɗa masa wasu abubuwa, ba na likita ba ne.

Bandeji ya jiƙe sau biyu.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan asuba

An liƙa takardar sanarwar rasuwa mai koren baki a jikin falwaya. Ban je na karanta ba.

Talata, da hantsi

Farar mota ta birni. Yara biyu da riguna iri ɗaya. Ba su daɗe ba.

Butar tana kan tebur, tana ƙyalli.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da magariba

Sun dawo da shi da azahar a naɗe. Na matsa na duba ɗaurin kai da na ƙafa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daidai. Na so in sami abin cewa, ban samu ba.

Bayan sallah aka yi layi biyu har maƙabarta, makara tana tafiya hannu zuwa hannu yadda muke yi, kowa ya karɓa ya miƙa gaba, ya zagaya ya sake shiga. Na shiga layi. Da ta iso kaina Vahid ya miƙo dogon hannunsa ta saman kaina zai tsallake ni. Na taka masa ƙafa. Na sa tafin hagu a ƙarƙashin katakon, na ji nauyin ya sauko a kaina. Taku ɗaya, ko biyu. Yana da nauyi, ɗan banza, duk ramar nan.

Wannan ne kawai na yi masa, ni da na yi alkawarin wanke shi.

A hanyar dawowa Vahid yana ba mutane labari, wai ya taɓa leƙa wurin wankan birni. Teburin ƙarfe, tiyo, soso, safar roba, cikin ɗan lokaci an gama. Ya juyo ya ce, "Ɓawon Albasa, kai in suka sa maka soson nan, sai dai a kwashe ka da cokali." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce kai Vahid, yau ma? Ni ban mayar masa ba. Karo na farko ke nan.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da hantsi

Babu sabo. Na buɗe wa kyanwa ƙofa. Ta hau, ta yi abin da ta saba da farcenta. Cinya, wuri uku. Likita ya karanta.

Asabar, 30 ga Nuwamba, bayan azahar

Maganar Vahid ba ta bar ni ba.

Hilmo fatarsa ta bijimi ce, ko da buroshi aka wanke shi ba abin da zai same shi. Irina fa? Na wanke irina da yawa kafin in zama su. Ba a cuɗa su. Ruwa mai ɗumi kaɗan, a zuba daga kusa, ba daga sama ba. Ƙyalle mai laushi, a dafa a ɗaga, a dafa a ɗaga. In za a juya ba a kama dantse, zanin da ke ƙarƙashi ake ja. Mamaci yana jin abin da mai rai ke ji, haka aka gaya mini ranar da aka ba ni mukulli. Mutum biyu ne suka san wannan a ƙauyen nan, ɗaya yana ƙarƙashin ƙanƙara.

Na tambayi Sanela ko za ta wanke ni. Ta ce, "Baba, ni mace ce, ka fi ni sani." Ta daɗe tana naɗe bandejin fiye da yadda ya kamata.

Talata, 3 ga Disamba, bayan azahar

Na tambayi liman wanda zai yi mini. Ya ce Allah ya ba ni tsawon rai. Na ce ba tsawon rai na tambaya ba. Ya ce zai kai wa kwamiti. Na tambayi Rasim da wani ɗan kwamiti a kantin Vahid, na biyun ya tuna ya bar madara a wuta.

Sakib ya koma. Ya ɗaga mini hannu ta gilashin mota.

Juma'a, 6 ga Disamba, da hantsi

Na fasa neman mukulli, su riƙe abinsu. Mutum ɗaya nake so. Ya zo ɗakin nan in nuna masa a jikina tun ina iya cewa wayyo, nan da nan zai koya. Butar zan ba shi, da kafur, da ƙyallayen.

Na zazzage buhun dankali, babba ne. Yau a sahun baya zan yi sallah, a bakin ƙofa. Liman yana sallamewa, su suna zaune suna tasbihi, ni zan kwashe takalman nan kaf in zuba a buhu in zauna a kai. Babu mai ɗaga ni. Wa zai yi ƙarfin halin kama Ɓawon Albasa? Sun ga matakala. Su tsaya da safa a kan siminti mai sanyi, babu abin sunkuyawa a nema, su dubi fuskata.

Vahid, na wanke ubanka. Rasim, na wanke naka, da ƙanenka da aka kawo a bargo. Kai mai madara a wuta, kakanka da hannun nan na juya shi, ko ƙwarzane bai samu ba. Ban taɓa ce muku ku gode ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ba Allah ya ba ka tsawon rai ce amsarta ba, suna nake so. A cikinku wa zai wanke ni? Ku amsa mini. Wa?